Muryar Inna a Motar Showak

Ranar da Sakinatu ta fara shiga shagon Nu'uman a bayan kasuwar dawa ta Gadarif a ƙasar Sudan, da faɗa suka soma. Kaset ɗin marigayiya mahaifiyarta ta kawo a maida mata cikin waya, gogan naka kuwa ya karɓa da yatsa biyu yana dariya, wai rabonsa da ganin irinsa tun yana goye.

"Riƙe shi da mutunci, malam," ta ce. "Innata ce a ciki tana waƙar daka. Ba mu da wani."

Nan take dariyar ta ɗauke. Sana'arsa ke nan, jera waƙoƙi a kwamfuta: jerin direbobi daban, na masu yankan riɗi daban, kowa a zuba masa a filas ya kama gabansa. Amma ranar sai da ya bar mutane tsaye har ya gama nata.

Kafin wata uku manyansa sun je gaida mahaifinta, Baba Tijjani. Saƙon Nu'uman kuwa ba ya yankewa a wayarta.

"Sukarina, na yi miki jeri, waƙa goma sha biyu. Ta farko ki ji da safe, sauran in kin yi kewata."

"Ashe ta farkon kaɗai zan ji," ta rubuta, tana murmushi ita kaɗai.

Ran wata Talata Baba ya dawo daga garin Showak, ko takalmi bai cire ba ya kira ta.

"Muryar uwarki Hawwa na ji a motar haya. Matar da ba ta taɓa waƙa gaban baƙo ba, yau direba ke ƙure ta tsakanin kiɗan biki, ƙarti na tafi. Yaron nan kada ya ƙara tako min gida."

Sakinatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta figi mayafi sai shago.

"Amana na ba ka, ka maida uwata kayan tashar mota?"

Ya buɗe kwamfutar. Ga waƙar nan kuwa. Bai goge ba bayan ya gama aikin, ta shige cikin tsofaffin waƙoƙin Hausa, inda yake ɗiba in zai yi wa direbobi jeri.

"Kuskure ne, habibti."

"Kada ka ce min habibti. Filas nawa?"

Ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya. "Bakwai."

"To bakwai ɗin nan su ne tsakanina da kai."

Kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba. Haushinsa take ji, tana kuma jin haushin kanta da take leƙa saƙonninsa.

"Showak. Na goge uku."

"Gallabat. Biyu. Direba ɗaya ya zage ni, na ce ya ƙara."

"Saura biyu a gonar riɗi. Ki yi fushin, kin fi ni gaskiya."

Rana ta goma ya zo, ya rame ya yi baƙi, ya durƙusa gaban Baba. Sakinatu na bayan ƙyaure tana cika tana batsewa.

"Baba, bakwai ɗin na goge, har ta kwamfutata. In wani ya tura wa wani, wannan ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba."



"Ka san abin da ya fi ƙona min rai?" Baba ya ce. "Shekara shida ban ji muryarta ba. Rediyon kaset ya mutu, na ji kunyar in ce wa 'yata ina so in ji. Sai a mota, cikin baƙi, ba damar in yi kuka." Ya zaro 'yar wayarsa daga aljihu. "Karɓi a wajenta ka yi min nawa jerin. Waƙa ɗaya."

Sakinatu ta fito da hawaye, ta miƙa wa Nu'uman wayarta tana harararsa.

"Ka sake, wallahi ni da kaina zan fasa kwamfutar."

"Na yarda, Sukarina."

Bayan girbin riɗi aka ɗaura aure. Jerin biki waƙa sittin Nu'uman ya tsara, amma kafin a fita da amarya Baba ya shiga da ita ɗaki, ya ja ƙofa, ya kunna nasa. Suka saurara su biyu har ta ƙare.

"Uwarki ta raka ki," ya ce. "Allah Ya ba ku zaman lafiya. Tashi, mijinki na jira."