Tayar Baya Tana Ja

Insifekta Ɗanlahadi bai gama karyawa ba aka kira shi wata sakandare a Ƙanƙara. An sace mutum-mutumi mai tafiya da tayoyi da ɗalibai za su kai gasa Katsina washegari.

Ya tarar da Amatullah, ɗalibar da ta ƙera shi, idanunta jawur.

"Mi ya bambanta naki da na kowa?" ya tambaye ta.

"Shasin, Yallaɓai, gindin da ke ɗauke da tayoyin. Ba sai ya juya ba. Gaba, baya, gefe, duk tafiya yake."

Tayoyin irin wannan aiki tsada gare su, don haka ta yanka katako, ta jera kwarkwaron zaren ɗinki a karkace a gefen kowace taya, ta naɗe su da robar tayar keke.

"Yaushe rabonki da shi?"

"Jiya bayan la'asar. Kwarkwaro ɗaya ya fashe a tayar baya, na sa wani da ya ɗan fi girma. Ni kaɗai ce a ɗakin gwaji, ban gaya wa kowa ba."

Ƙofar ɗakin gwaji ba a fasa ta ba. Maigadi, Baba Almu, ya rantse bai matsa ko'ina ba, kafin daga baya ya tuna ya je sallar magariba, ya kuma ɗan tsaya wajen mai shayi.

A bayan ɗakin, kan yashin da ruwan jiya ya jiƙa, Insifekta ya ga sawun tayoyi a karkace. Sun yi gefe, sun dawo, sun zagaya, sun sake yin gefe. Ya yi murmushi. Ɓarawon da ke sauri ba ya tsayawa wasa. Wannan gwada abin ya yi, kuma ya daɗe yana gwadawa.

Ban da na hannun Amatullah, ɗaya makullin ɗakin yana hannun Malam Badamasi, malamin da ya kafa ƙungiyar ƙere-ƙeren makarantar.

"Rabona da ɗakin nan tun Litinin," in ji shi. "Ina Sheme wajen biki."

Insifekta ya lura duk sanda aka ambaci sunan yarinyar sai fuskar Malam ta haɗe. Shi kuwa ya san wannan ciwon, don ya taɓa tafa wa ƙaraminsa a wurin aiki ranar da aka yi ƙarin girma aka tsallake shi. Sai ya fara zuba yabo.

"Kai, yarinyar nan! An ce ko injiniya ba zai yi abin da ta yi ba. Kun yi sa'a da ta zo ta ɗaga maku ƙungiya."

"Yara dai."

"Ai kofi nata ne. Na ji abin ba shi da aibu ko ɗaya."

"Ba shi da aibu?" Malam ya zabura. "Tarkacen tela! Tayar baya ma ja take, in ya yi gefe sai ya karkace hagu!"



"Jiya bayan la'asar tayar ta fara ja, Malam," in ji Insifekta a hankali. "Daga Sheme ka hango?"

An samo mutum-mutumin a ofishin Malam, cikin kwali, ƙarƙashin tsofaffin ƙere-ƙerensa da ba su taɓa wuce zagayen farko na gasar ba. Ko ƙwarzane babu.

"So na yi in ga ya ƙi tafiya," in ji Malam. "Sai ya tafi. Shekara da shekaru ina sayen tayoyi da albashina, ɗiya ƙarama ta zo da kwarkwaro, shugaban makaranta na kiran sunanta a taro. Baƙin ciki ya hana ni mayar da shi."

Kofur ɗin da ya rako Insifekta ya riƙo hannun Malam. Amatullah ta ɗauki abinta tana duba tayoyin, ta kife shi.

A ƙasan katakon, da fenti ja, an rubuta: Ƙirar ɗaliban Malam Badamasi.

"Ba ka kife shi ba, Malam?" ta ce.

Ya sunkuyar da kai. Har aka kai shi mota bai ɗago kai ba.