Karfasa a Gidan Goggo

"Ɗauke, Zulai! Don Allah ɗauke kwanon nan daga gabana, zuciyata tashi take yi."

Zulai ta tsaya da kwanon tuwo a hannu tana duban mijinta. Iliyasu na kwance bisa tabarma a ƙofar ɗaki, ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Disfensan asibiti ya ce zazzaɓin taifot ya sake shi, amma fa ya tafi da cin abincinsa. Duk abin da ke da maiƙo, loma ɗaya zai yi ta dawo. Koko kaɗai ke zama, shi ma ɗan kurɓi.

"Filis, ko loma biyu ka daure," in ji ta da ɗan Turancinsu na zaman birni.

"Sori, ba zan iya ba." Ya lumshe ido, can ya yi ɗan murmushi. "Kin san abin da nake ta tunawa tun jiya? Kifin nan naki na Kakuri, mai lemun tsami —"

"Shhh!" Zulai ta waiga da sauri wajen ɗakin uwar mijinta.

Dole ta waiga. A unguwar Kakuri ta Kaduna suka yi zaman amarcinsu, lokacin Iliyasu na aiki a masaƙa. Da mulkin soja ya zo da tsuke bakin aljihu, aka yi ta rage ma'aikata, shi ma aka haɗa da shi. Suka tattaro ya-nasu-ya-nasu suka dawo Makarfi, gidan mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Goggo. Ita kuwa Goggo a ruga ta tashi, cikin nono da man shanu, kifi bai taɓa shiga bakinta ba, ko ƙarninsa ta ji sai ta tofar da yawu. Sai ga ɗanta tilo ya tashi ya auro 'yar masunta daga Kudan! Ta yi faɗan, ta yi kukan, ta yi fushin, yaro ya kafe. Ta haƙura da baki, zuciya kuwa ko kusa.

Ranar da suka sauke kaya ta kafa doka a tsakar gida, gaban maƙwabta.

"Ke 'yar masu taru, ki ji da kyau. Wallahi duk ranar da kifi ya shigo gidan nan, ta ƙofar da ya shigo za ki fita!"

Tun daga nan Zulai ta kama kanta. Ta yi daka, ta yi wanki, ta bi layin sabulu da man gyaɗa inda soja ke tsaye da bulala. Ƙoƙonta na shan ruwa daban Goggo ta ware mata, wai hannunta na ƙarni, alhali rabon yarinyar da taɓa kifi har ta manta. Ba ta taɓa ɗaga ido ba. In abin ya cika mata ciki sai ta shiga bayan ɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska.

Da hantsi aka yi sallama a zaure. Malam Inuwa ne, mahaifin Zulai, ya tako kekensa tun daga Kudan don duba surukinsa. Aka gaisa, aka tambayi mai jiki, aka tambayi damina. Da zai tashi sai ya ce cikin ladabi, "Goggo, ga 'yan karfasa nan guda biyu na bari a zaure, kamun safiyar nan ne. Na ce ko mai jiki zai —"

"Mun gode, Malam. A mayar wa yara."

Dattijon ya miƙe ya fita. Ya rataye kwandon a ƙusar zaure, ya ja kekensa ya tafi.

Zulai ta bi Goggo har ɗaki ta durƙusa.

"Goggo, don girman Allah, yau kaɗai. Shi ya ambaci kifin da bakinsa. Tunda ya kwanta bai taɓa cewa yana marmarin komai ba sai yau."

"Ai na sani! Tun can da shi kika shanye mini yaro. Magana ɗaya nake yi, kin kuma ji ta." Ta yafa mayafi. "Zan je Gubuchi wajen mai magani. Kafin in dawo a fitar mini da ƙazantar nan."

Bayan fitarta Zulai ta daɗe a tsaye. Tana son Iliyasu, so irin wanda ba ta iya faɗa ko ga ƙawarta, kuma ta san Goggo ba ta mayar da magana. In ta soya kifin nan, aurenta ne ta ɗora a wuta. In ba ta soya ba — ta dubi ƙashin wuyan mijinta yadda ya fito. Haba, ina amfanin zaman aure da kabari?

Ta shiga ɗaki ta ninke zannuwanta, ta ƙulle su a ɗankwali, ta ajiye ƙullin a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Ba za ta yi a ɓoye ba. Sannan ta leƙa ta katanga.

"Maman Timoti! Ki taimake ni da lemun tsami da ɗoɗɗoya."

Bernice, maƙwabciyarsu matar malamin firamare, ta miƙo mata cike da hannu, har da lawashin albasa. "Ke Zulai, kifi za ki yi? A gidan Goggo? To, Allah ya tsare!"

Ta kankare karfasar tas, ta fasa ciki ta wanke, ta murje ta da lemun tsami har ƙarnin ya mutu. Ta tsane ruwan da tsumma mai tsabta, don jiƙaƙƙen kifi kama kasko yake yi. Ta tsattsaga bayanta da wuƙa, ta cusa gishiri da dakakkiyar citta da tafarnuwa. Da kasko ya yi zafi sosai, sai ta ɗiga man gyaɗa ɗan mitsitsi, iyakar abin da zai shafe gindinsa, ta kwantar da kifin. Cuuu! Ba ta taɓa shi ba sai da fatar ta yi ja ta saki kaskon da kanta, sannan ta juya sau ɗaya. Ta watsa yankakkiyar ɗoɗɗoya da lawashi, ta sauke, ta matse lemun tsami a kai. Ƙamshi ya cika gidan har zaure.

Ko kafin ta iso, Iliyasu ya yunƙura ya jingina da bango. Ya ɓantari tsokar, fara sol, ya kai baki. Zulai ta riƙe numfashi tana jiran ta dawo. Ya haɗiye. Ya sake ɓanta.

"Wayyo Zulai," ya ce, "ashe bakina na nan da ransa!"

Hawaye suka zubo mata, ta bar su suna zuba.

"La'ilaha illallahu! Me nake ji a gidana?"

Goggo ce a bakin zaure, ƙullin magani a hannu, ta toshe hanci da mayafi. Ashe mota ta samu da wuri. Zulai ta zube ƙasa.

"Ni ce, Goggo. Na saɓa miki, na kuma san hukuncina. Ga kayana can na ɗaure. Alfarma ɗaya nake roƙo, ki bari ya gama ci."

"Goggo, in ta fita —" Iliyasu ya fara, sai tari ya sarƙe shi. Ya kama wuya, idanunsa suka firfito. Ƙaya ce, garin sauri.

"Wayyo ɗana!" Goggo ta yar da magani ta yi kansa, tana bubbuga bayansa. Zulai ta kawo ruwa da gudu. Ya yi kakari, ya yi kakari, ƙayar ta fito. Duka ukun suka sauke ajiyar zuciya.

Sai a lokacin Goggo ta dubi farantin. Gefe guda na kifin ya tafi, saura ƙashi. Ta dubi ɗanta, wanda ta yi makonni tana dama masa fura yana kau da kai. Shi kuwa, ko kunya, hannu ya sake miƙawa.

"Kai, tsaya! Za ka kashe kanka." Ta janye farantin gabanta. Ta dube shi, ta yamutsa fuska, sannan ta yi bisimilla ta sa hannu. Hannun da tunda aka haife ta bai taɓa kifi ba, shi ne ya shiga tsokar yana lalube. Ba ta san inda ƙayoyin suke ba, sai dagargaza kifin take yi.

"Ke," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "durƙuson me kike yi? Matso ki nuna mini inda suke ɓuya."

Zulai ta matso. Ta nuna mata layin ƙayar baya da ƙananan da ke gefen ciki. Goggo na zarewa tana ba ɗanta a baki, yana karɓa kamar ɗan yaye, har aka cinye ta ɗaya aka shiga ta biyu.

Da ya ƙoshi ya kwanta, barci mai daɗi ya ɗauke shi. Goggo ta sunsuna yatsunta, ta yi tsaki, Zulai ta miƙa mata ɓarin lemun tsami ta murza. Ta sake sunsunawa. Can ta dubi ƙullin kayan da ke bakin ƙofa, idonta ya kawo ruwa.

"Da gaske tafiya za ki yi?"

"In dai zai tashi, Goggo."

"Ni da na haife shi, rantsuwata na riƙe. Ke kuwa kika saki aurenki saboda shi." Ta share ido da bakin mayafi. "Kwashe tsummokaranki ki mayar ɗaki, kaffara ni ta hau. Kuma a aika wa Malam Inuwa, a ce ina ba shi haƙuri. In ya samu irin wannan jibi, kada ya tsaya a zaure."

Iliyasu ya tashi, har ya yi noman rake a shekarar. Goggo dai har ta koma ga Allah ba ta ci kifi ba, amma ita ke cire wa jikokinta ƙaya.

'Yan'uwana mata, haƙuri da biyayya ga iyayen miji ado ne, Allah kuma ba ya tozartar da mai su. Ku kuma iyaye, ku daina auna suruka da sana'ar gidansu. Ku dubi abin da za ta iya rasawa saboda ɗanku.