Ruwan Da Bai Bi Ta Mita Ba

Rana na shirin faɗuwa Sifana ya isa gidan ƙanwarsa, jakar kayan aiki a kafaɗa. Shekara ashirin yana gyaran famfo, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, sai laƙabin sifanar kwance noti. Auta kuwa sati uku tana masa magiya ya zo ya haɗa mata injin wanke kwanuka da mijinta ya saya kafin ya yi tafiya, don sabulu ya gama cinye mata hannuwa.

"Yaya, sai yau? Da baƙo ne da tuni ka gama."

"Baƙo ruwan sanyi yake ba ni, ke kuwa sai baki."

Ya fita ya rufe babban kan ruwa da ke jikin mita, ya dawo ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sinki. Ummi, 'yar Auta mai shekara uku, ta tsuguna tana kallonsa, jan kofinta a hannu. Sunan marigayiya mahaifiyarsu gare ta, shi ya sa duk duniya ba wanda yake so kamarta.

Bututu biyu ya tarar. Sabon na roba ya maƙale a lungu, hannu ba ya kaiwa. Ɗayan tsohon ƙarfe ne da ya fito daga ƙasa, an ɗaure bakinsa da murfi, an naɗe da waya, an kuma shafe da siminti. Duk mai wannan sana'a ya san ba a buɗe bututu sai an bi shi an ga inda ya fito. Shi ma ya sani sarai, shi ke yi wa wasu faɗa a kai. Amma gari ya fara duhu, baya na ciwo, ga bututu a kusa. Wallahi ganda ce kawai, ba wani abu ba.

Ya fasa simintin, ya murɗe murfin. Ko ɗigon ruwa babu. Wata iska ce mai sanyi ta hura masa a fuska, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya tsaya jim, sannan ya naɗa farin tef, ya ɗaura tiyon injin, ya matse.

Auta ta jera faranti don gwaji. Ummi ta saka kofinta da kanta, tana dariya. Ya danna maɓallin injin. Shuuu, ruwa ya fara shiga.

"Kin gani? Aikin Yayanki ke nan."

Ya murɗa famfon sinki zai wanke hannu. Babu ruwa.

Ya ƙara murɗawa. Babu.

Sai ya tuna. Bai buɗe babban kan ruwa ba. Yana nan a rufe yadda ya bar shi.

"Auta," ya ce a hankali, "ɗauke yarinyar."

Ya fizge wayar daga soket. Injin bai tsaya ba. Kuma yanzu ba ƙarar inji ba ce. Soso ne ake gogawa a jikin faranti. Ƙwas. Ƙwas. A ɗauraye, a kife, a ɗauki wani. Can ƙasa-ƙasa wata murya ta mace tana gunguni, irin na mai aikin da ya gaji.

Sai shiru.

Ya buɗe injin. Farantin sun fita fes, sanyi ƙalau. Jan kofi babu.

"Kawu, ta ce in je in karɓa."

Ya waiwaya. Ummi ta sulale daga hannun uwarta, tana ƙarƙashin sinki. Tiyon ya cire, yana ƙasa. Ɗan hannunta ya manne a bakin bututun.

Ya cafki ƙugunta ya ja. Ko motsi. Kamar buhun siminti.

Auta ta ƙwalla ƙara. Ya cusa tafin hannunsa na dama tsakanin yatsun yarinyar da ƙarfen, ya toshe bakin da shi. Ummi ta faɗo baya, uwarta ta sure ta.

Wani abu ya taɓa tafinsa daga ciki. Yatsu. Masu sanyi, masu laushi.

"Bar min ita," aka raɗa. "Ta taya ni ɗauraya."

Yana salati da ƙarfi, yana lalube da hagu, har ya sami murfin. Ya zare hannu, ya ɗora, ya murɗa, ya murɗa, sai da ƙarfen ya yi kuka.

Washegari ya zuba wa wurin siminti rabin buhu. Wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta ce ai kan rijiya aka gina kicin ɗin nan, ta yi mamakin ba wanda ya gaya musu. Injin ya koma cikin kwalinsa. Tafin hannun Sifana kuwa tun ranar a yamutse yake, fari, kamar ya kwana a ruwa, ko sifana ba ya iya riƙewa da shi. Bai taɓa yin ƙorafi ba, tunda Ummi na nan tana gudunta.

Bayan sati guda, da magariba, wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Yaya, kofin ya dawo. Ga shi a kife a kan simintin. Har yanzu da danshi."

"Ina Ummi?"

"Tana bayana, na goya ta."

"To fito. Kada ki ɗauki komai."