Ranar da Duna Ya Daina Kuka

Na'urar tana manne a ƙeyar karen kamar kaska, 'yar wutarta koriya tana ƙiftawa a hankali. Duk lokacin da Duna ya ja numfashi ɗinkin cikinsa ya miƙe, sai wutar ta koma ruwan ɗorawa, na'urar ta yi ɗan tsaki, sannan ta dawo koriya. Karen ya saki nishi, ya mayar da haɓarsa kan tabarma. Sallau, wanda ke tsugune a gabansa da kwanon romo da cokali, shi ma ya saki nasa.

Kashe-zafi ake kiran na'urar. Masana sun daɗe da gano cewa zafi saƙo ne kawai, yana tasowa daga wurin rauni, ya bi ta laka, ya isa ƙwaƙwalwa. Aikin Kashe-zafi shi ne ta zauna a bakin hanya ta tare saƙon. A gefenta akwai ɗan maɓalli mai juyawa. In aka murɗa kaɗan, sai ta tare kaɗan. In aka murɗa har ƙarshe, ko wuta aka ɗora wa mai ita ba zai waiwaya ba. Ba a ba kamfanin da ya ƙera ta izinin sa wa mutane ba tukuna, shi ya sa ake gwada ta a jikin dabbobi.

Sallau ɗan mafarauta ne da aka haifa a lokacin da farauta ta ƙare. Dajin da ubansa ya yi suna a cikinsa, a kansa aka kafa Birnin Tsaye, inda kowane bene unguwa ne mai masallacinsa da kasuwarsa da mai unguwarsa. Abin da ya rage masa na gado shi ne korar gafiya a gonakin saman rufi, shi da baƙin karensa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse a wasu biranen, sai gaisuwar sallah ta waya. In ka cire Duna, babu wani mai rai da ke ɗaga kai idan Sallau ya buɗe ƙofa. A can saman rufin ne injin girbi mara direba ya bi ta kan karen, ya fasa masa ciki. Likitar dabbobi, Dakta Kubura, ta wuni a kansa, ta cire abin da ya dagargaje, ta dasa masa sabuwar hanta da aka raina a kwalba, ta ɗinke.

Ranar da ta sallame su ta nuna wa Sallau wani jan layi a jikin maɓallin.

"Baba, kada ka wuce nan, ko da kukansa zai tsaga maka zuciya. Ɗinkin waje ba komai ba ne, na ciki shi ne abin tsoro. Ɗan zafin da na bar masa shi zai hana shi tashi."

"To likita, ba za a ɗan ƙara masa ba? Dabba ce, ba ta da bakin faɗa."

"Tana da shi mana. Shi ne wanda kake so a toshe."

Haka ya shiga jinya. Tsohon da bai taɓa dama kunu ba ya koyi tace romon kifi ta tsumma, yana ɗura wa kare ta gefen baki. Yana juya shi daga wannan gefe zuwa wancan don kada kwanciya ta ci masa fata. Yana goge bakin ɗinkin da ruwan ɗumi da gishiri, ya ɗaga shi a hannu kamar jariri in zai yi fitsari, ya wanke tabarma, ya shanya, ya shimfiɗa wata. Ga wani mazurarin roba da aka sa masa a wuya don kada ya lashi ciwon, wanda ya mai da babban karen farauta abin tausayi. Duk wannan bai dami Sallau ba. Kukan ne ya dame shi. Ba haushi ba ne, wani siririn kuka ne mai tsawo da ke bi ta bututun iska ya sauka ɗakunan maƙwabta.

To, mutanenmu sun hau bene har sun taɓa gajimare, amma ba su bar camfinsu a ƙasa ba. Kowa a benen ya san abin da ake cewa idan kare ya dage da irin wannan kuka a unguwa: wani zai tafi. Kuma ga mahaifiyar Na'iya, mai unguwar benen, tana kwance rai a hannun Allah, ɗaki biyu tsakaninta da Sallau.

Da hantsi mai unguwa ya yi sallama. Bai shiga ba, ya tsaya daga bakin ƙofa yana tattare babbar rigarsa.

"Sarkin Dawa, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Sauƙin ne muke ji har ɗakin Inna. Malam Sallau, ni ban yarda da camfi ba, ka sani. Amma tsohuwar nan duk sanda ya fara sai ta kama salati tana cewa ita yake kira. Jiya ko ruwa ta ƙi sha. Jama'a sun taru a kaina. Sun ce ko ya yi shiru, ko a kira motar hukuma ta ɗauke shi."

Sallau ya san inda motar hukuma take kai karnuka, kuma ya san ba a dawowa.

"Ranka ya daɗe, a ƙara mana 'yan kwanaki. Likita ta ce…"

"Likita ba ta kwana a benen nan. An ce abin ƙeyarsa yana da maɓalli. Murɗawa kawai, kowa ya huta, har shi. Kai ba ka tausayinsa ne?"

Wannan tambayar ce ta karya shi, ba motar ba. Bayan tafiyar mai unguwa ya zauna ya zuba wa Duna ido. Karen yana kallonsa ta cikin mazurari, idanunsa sun faɗa, yana wannan kuka kamar mai tambayar laifin da ya yi. Sallau ya ce a ransa zai ɗan wuce layin ne kawai, shi kuma ya zauna ya tsare shi kada ya motsa. Ya murɗa kaɗan, kukan ya ragu. Zuciya ba ta da ƙashi. Ya ƙara murɗawa, ya ƙara, har maɓallin ya tsaya.

Shiru ya sauka a ɗakin. Duna ya ɗaga kunne. Ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, ya yi miƙa, ya girgije, wutsiya tana kaɗawa. Wallahi duk wanda ya gan shi a lokacin zai rantse ba a taɓa sa masa wuƙa ba. Sallau ya kama dariya hawaye na zuba masa. Ya yi niyyar kwantar da shi, amma karen ya dafa ƙirjinsa da ƙafafun gaba kamar yadda ya saba, ya lashe romon kwanon tas, ya shiga zagaye ɗaki. Wa zai iya cewa da wannan ya kwanta? Tsohon ya manta da likita, ya manta da jan layi. Har ƙofa ya buɗe don maƙwabta su gani, Duna ya fita a guje ya kai ƙarshen baranda ya dawo. Wata mata ta leƙo ta ce, "Ikon Allah! Kai, zamani ya zo da abin mamaki."

Bayan azahar Sallau ya lura cikin karen ya ɗan taso. Ya ce romo ne. Zuwa la'asar cikin ya yi tauri kamar ganga, ƙafafun baya suna harɗewa, amma wutsiya ba ta daina kaɗawa ba. Ya ɗaga leɓensa ya ga dasashin ya yi fari fat. Nan take ya kira Dakta Kubura, hotonta ya bayyana a bango. Kallo ɗaya ta yi wa karen, ta dubi maɓallin.

"Innalillahi. Baba, ɗinkin ciki ya ɓalle, jini yake zuba. Tun yaushe yake tsaye?"

"Tun hantsi."

Ta rufe ido. "Zan turo jirgin asibiti, amma ba na jin zai riske shi. In ka mayar da maɓallin zai kwanta, wataƙila mu sami ɗan lokaci. Sai dai duk zafin da aka tare tun safe zai sauko masa gaba ɗaya."

Sallau ya kai hannu ƙeyar karen. Duna ya ɗauka wasa ne, ya juyo yana lasar yatsunsa. Tsohon ya riƙe maɓallin, ya kasa murɗawa, ya kasa saki. Yana nan a haka karen ya zame a hankali ya kwanta a cinyarsa, yana kallonsa da fuskar wanda ya wuni lafiya. Wutsiyar ta bugi tabarma, ta sake bugawa, ba ta ƙara ba. Ko nishi bai yi ba.

Washegari da safe wata ma'aikaciyar kamfani mai suna Zinaru ta zo karɓar na'urar. Mace ce mai ladabi, ta durƙusa ta yi masa gaisuwa kamar an yi rashin mutum. Ta haɗa Kashe-zafi da allon hannunta, ta karanta, fuskarta ta washe duk da ƙoƙarin da ta yi ta ɓoye.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Hantarsa ta rabu biyu, amma ko ɗigon zafi bai kai ƙwaƙwalwarsa ba. Ba mu taɓa samun sakamako mai kyau irin wannan ba. Da shi za a ba mu izinin sa wa mutane."

Ta dubi idanunsa da suka kumbura, tausayi ya kama ta da gaske.

"Akwai sabuwa da muke gwadawa. Ita ba ta jiki ba ce, ta baƙin ciki ce. In ka yarda, yanzun nan zan manna maka. Za ka tuna da shi sarai, amma ba za ka ji komai ba."

Ta ciro ta daga jaka, 'yar mitsitsiya, ta miƙo masa a tafin hannu. Sallau ya daɗe yana kallonta. Abin da ke cin ƙirjinsa ya fi ƙarfinsa, kuma ya san da murɗawa ɗaya zai miƙe ya ci abinci ya koma aiki, kowa ya ce ya warke.

"'Yata, tafi da abinki," ya ce. "Baƙin cikin nan kaɗai ya bar mini."

Ya raka ta bakin ƙofa, ya rufe, ya dawo ya zauna a kan tabarmar da bai wanke ba. Sai ya buɗe baki ya saki kuka, siriri mai tsawo, irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne matarsa. Kukan ya bi ta bututun iska ya sauka ɗakunan maƙwabta. Ba a jima ba aka fara buga masa bango.