Wayar Da Ba A Taɓa Sakawa Ba

Yana kan tsani yana ƙwanƙwasa silin da bayan sukundireba ta shigo, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"Malam, ka fi minti goma kana buga mini ɗaki. Akwai mai buɗe maka ne daga sama?"

Tartsatsi ya leƙo ƙasa, sai da ya ƙara riƙe tsanin. Haka abokan sana'arsa masu wayarin ke kiransa, don ba ya zama wuri ɗaya, ba ya kuma haɗiye magana.

"Ranki ya daɗe, silin nan kankare ne zalla. Wanda ya zuba shi bai sa bututun waya ko ɗaya ba."

Auta ce, 'yar mai gidan. Ɗakin kuwa shagon ɗinki ne da babanta ya gina mata a ƙofar gida. Ta ce ita haske take so a kan keke da teburin yanka, ba ruwanta da kankare.

Ya ce ba sai an fasa komai ba. Zai ja wuta daga soket ɗin bango, ya hau da wayar cikin farar robar da ke kwanciya a jikin gini, ya ɗaure dogon ƙarfe a silin da sukuru. Fitilu huɗu za su hau kansa, suna zamewa, suna juyawa duk inda take so.

Aikin yini ɗaya ne. Ya ja shi kwana huɗu.

"Madam Allura, na manta fulayata a shagonki," ya rubuta mata.

"Jiya ma ka manta. Gobe ka manta kanka gaba ɗaya mu huta."

"Ai shi tun ranar farko yana wurinki."

Wanda babanta ya ba aikin ginin shagon shi ne Injiniya, ɗan aminin Baba, wanda ya daɗe yana zarya wurin Auta tana ba shi kunne ɗaya. Ya shigo ya same su suna dariya, tana riƙe wa Tartsatsi tsani. Ya wuce wurin Baba. Ya rantse shi da hannunsa ya sa waya a silin, yaron nan ne ya zare ta ya sayar, ya ƙirƙiro aikin bin bango don ya rufe satarsa.

Baba ya fito ya yi jifa da jakar kayan aikin a titi, gaban mai wanki, mai faci da duk wanda ke wucewa.

"Ɓarawo! Na sake ganin ƙafarka a nan sai na sa an ɗaure ka!"

Auta na tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba.

Mako guda ba wanda ya kira Tartsatsi aiki. Wa zai sa ɓarawon waya a gidansa? Ya san sharrin Injiniya ne, amma ba duka yake son yi masa ba. So yake ya ga fuskarsa ta zube a daidai wurin da tasa ta zube, gaban mutanen nan dai, ba a rage ko ɗaya ba.

Saƙonta ya shigo: "Masoyi, ka yi fushi da ni?"

"Ɓarawo ba ya fushi, Hajiya."

"Wallahi tsoro ne ya ɗaure mini baki. Na gaya wa Baba ba zan taka shagon ba sai an tsayar da ku biyu a ciki. Gobe da hantsi. Ka zo da guduma."

Ya zo da gudumar, ya kuma biya ya gayyato mai wanki da mai faci. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya miƙe ya miƙa wa Injiniya gudumar.

"Yallaɓai, waya ba ta tafiya a kankare sai cikin bututu. In na zare waya, ai ban zare bututun ba. Ga tsani. Nuna wa Baba bakinsa."

Injiniya ya ce shi ba lebura ba ne.

"Hau," in ji Baba.

Ya hau da farar shaddarsa. Ya fasa tsakiya, ba komai. Ya koma kusurwa, ba komai. Ƙura ta rufe masa hula da gira.

"Gwada hagu, Yallaɓai," in ji mai faci, "ko ya yi tafiya ne."

Tartsatsi bai gama ba. Ya kunna fitilun, ya juya su ɗaya bayan ɗaya har haskensu ya kwanta a jikin bango. Filastar da ke kama da sumul ta fito tudu da kwari, ga tsaga tun daga taga har ƙasa.

"Wannan ma ni na sata, Yallaɓai?"

Baba ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya kama hannun Tartsatsi, ya fita da shi tsakiyar titi, ya ɗaga murya yadda ya ɗaga ta wancan karon.

"Jama'a, yaron nan ba ɓarawo ba ne. Ni na zalunce shi. Ɗana, ka yafe mini."

"Na yafe, Baba. Amma akwai abu ɗaya a gidanka da nake so, kuma ta ƙofa zan nema."

Bayan wata uku aka sa rana. Katin farko da aka buga, Tartsatsi da kansa ya kai wa Injiniya har ofis, ya tsaya sai da ya karanta.

Da Auta ta ji, ta rubuta masa: "Angona, ya isa haka. Ka bar bawan Allah ya numfasa."

"To, amaryata. Daga yau na sake shi. Ke na riƙe."

Ranar auren Baba ya haɗa hannuwansu.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah Ya tsare ku daga bakin maƙaryaci, da saurin fushi irin nawa."

Mai faci ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.