Muryar Kibod ɗin Marija

Jarrod Hockley ya gyara kibod ɗin tsaf, kuma gyaran nan shi ya ɓata komai.

Wata Asabar ce Tahlia Pavlich ta shigo ɗan shagonsa da ke bayan garejin yayansa a garin Whyalla, rungume da tsohon kibod na kwamfuta cikin tawul. Wuyan hannunta duka biyun a ɗaure suke da bandeji. Aikinta buga wasiƙun likitoci ne daga gida, awa takwas kullum.

Jarrod ya danna maɓalli ɗaya, ƙas! Ya ce, "Kai! Rubutu kike yi da wannan ko fasa dutse?"

"Na marigayiya mahaifiyata ne, kar ka zage shi. Za ka iya sassauta shi ko in yi gaba?"

"Zauna mana, sarauniyar gaggawa."

Ya buɗe ya nuna mata. Cikin kowane maɓalli akwai sifirin mai tauri, da wani ɗan siririn ƙarfe kamar yankakken farce, shi ne mai turjewa ya ba da ƙara. A canza sifirin, a cire ƙarfen, a shafa mai, shi ke nan. Aikin kwana uku ne. Jarrod ya ja shi har sati uku don ta riƙa zuwa dubawa. Ta gane sarai, ba ta fasa zuwa ba.

Ya tura mata saƙo: "Gaggawata, gobe ki zo, akwai abin da ban gane ba."

Ta amsa: "Maƙaryaci. Zan zo. Na soya maka kifi."

Ƙananan ƙarafan da ya cire kuwa, sai ya share su cikin kwandon shara, yadda ya saba. Ran Talata motar shara ta kwashe.

Da ta kai kibod ɗin gida, yatsunta suka riƙa gudu kamar a kan auduga. Mahaifinta Branko, wanda ya yi shekara talatin a masana'antar ƙarfe kafin ya yi ritaya, yana zaune a kicin da shayinsa, ya ba ƙofa baya kamar kullum. Ya jira. Shiru. Ya taso ya leƙo.

"Yau ba kya aiki ne?"

"Ina yi, Baba. Duba, hannuna ya daina ciwo!"

Ya sa ƙaton yatsansa ya danna. Ba ƙara. Ya sake dannawa.

"Ina muryarta?"

Shekara ashirin matarsa Marija ta yi tana buga wannan kibod a wannan ɗakin. Tun da ta rasu, in 'yarsa tana aiki, sai ya zauna ya juya baya ya saurari ƙas-ƙas ɗin, kamar Marija ce a ciki. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Irinsu ba sa faɗa.

Ran Lahadi Jarrod ya zo gaisuwa da rigarsa mai kyau. Ya tarar da tsohon a bayan gida yana juya nama a kan wuta.

"Kai ne ka sake binne min mata?"

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Ni ba ubanka ba ne. Ina ƙarafan?"

"Na zubar."

"A wurin aikinmu, ko noti ka kwance daga injin mutum, a tafin hannunsa kake sa masa. Fice min daga gida."

Daga nan Branko ya fara gayyato Craig, ɗan maƙwabcinsa mai tuƙa babbar mota a wurin haƙar ma'adinai, cin abincin rana don ya haɗa shi da 'yarsa. Tahlia ta zuba masa abinci sau biyu, a na uku ta ce wa Craig ya daina wahalar da kansa.

Wata huɗu Jarrod yana nema kafin ya samo irin kibod ɗin daga wani mutum a garin Hobart. Ya ciro ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya ya dasa a na Marija, ya mayar da sifirin masu tauri. Tahlia ta ciji leɓe ta fara bugawa. Branko ya saurara daga kicin, minti ɗaya tak.

"Ba ita ba ce."

Gaskiyarsa ne. Yatsun Marija sun cinye nata ƙarafan shekara da shekaru, wannan kuwa ba a sayensa.

Amma Tahlia ta gaji taurin kan ubanta. Ta ce zai saba, in ya saba zai haƙura da Jarrod. Ta ci gaba da bugawa a haka wata biyar, hannu na kumbura, tana ɓoyewa cikin dogon hannun riga. Har ranar da kofin shayi ya suɓuce mata ya fashe a gaban Jarrod. Likita ya ce jijiya ta taɓu, sai an yi mata tiyata.

Jarrod ya rubuto mata: "Gaggawata, ki daina. Ni na yi laifin, ba hannunki ba. In rabuwarmu ce za ta sa ki huta, na haƙura."

Ta amsa: "Da yatsa ɗaya nake buga wannan, kar ka sa in maimaita. Ba inda za ni. Ka sa mana rana."

An ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwarsu, mutum goma sha tara. Ba wanda ya zaci Branko zai zo, sai ga shi cikin baƙar kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar matarsa. Ya riƙe gwiwar hannun 'yarsa ya raka ta har gaba. Ya daɗe yana kallon tabon ɗinkin da ke wuyan hannunta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raya abin da za ku haifa," ya ce. Ya juya ga Jarrod. "Ka kula da ita. Ni ban iya ba."

Zoben ya ƙi shiga saboda kumburi, sai Jarrod ya zura shi a sarƙa ya rataya mata a wuya. Jama'a suka yi tafi, ita ma ta yi dariya.

Suna zaune lafiya har yau, Branko na zuwa cin abinci duk Lahadi. Tahlia kuwa ba ta sake komawa aikinta ba. Yatsu uku na hannun damanta ba sa lanƙwasuwa, Jarrod ne ke ɓalla mata maɓallin riga da safe. Shekarunta ashirin da shida.