Gyaran da Inna Rage-Mini ta bayar

Tun da mijinta ya rasu, ba ɗan kasuwar da ya taɓa cin ribar Inna Rage-Mini. Da wannan bakin ta sayo wa 'yarta Auta gem ɗin hannu, ɗan injin wasa, a wajen mai gwanjo, jabu, robarsa shara-shara, ta kuma tsaya kai da fata sai da ya ɗora mata tsohon kaset ɗaya gyara. Auta kitso take yi, yatsunta ke ci da gidan. In ta sallami matan da ta yi wa kitso, sai ta zauna bakin ƙofa tana danne-danne.

Ran nan da almuru hoton ya ƙi fitowa. Auta ta zare kaset ɗin ta hura cikinsa da ƙarfi, yadda mai gwanjo ya koya mata, ba ko bisimilla. Kiɗan gem ɗin ya tashi, alhali kaset na hannunta. Kaji suka yi tsit. Sai tsakuwa ta fara sauka kan kwano, ɗaya, ta jira, ɗaya.

Magariba uku ana haka. A ta huɗu Auta ta zube a tsakar gida, idonta a kafe, manyan yatsunta biyu na danna iska.

Malamin da Inna ta kira ya daɗe yana karatu kafin muryar wani tsoho ta fito daga bakin yarinyar. Ya ce kaset ɗin gidansa ne tun da mai shi ya girma ya manta da shi, Auta kuwa ta hure wa jaririnsa ido. Bai nemi jini ba. A ba shi kaset da injin, a binne masa su a gindin bishiya, ya tafi.

Malam ya yi hamdala.

"Albarka," in ji Inna. "Kaset gyara ne, ya ɗauka. Inji kuwa da gumina na saya."

Malam ya rage murya ya ce mata ba a ciniki da waɗannan bayin Allah. Ta ce shi karatu ya sani, ita kasuwa.

Tsohon ya yi 'yar dariya da bakin Auta. "To riƙe injinki, uwar tayi. Na ɗauki kaset, amma a yi mini gyara."

"In dai ba injin ba, ɗauki."

"Kin sallama?"

"Na sallama."

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido. Inna ta dubi malam tana murmushi, shi kuwa hannun yarinyar yake kallo. Manyan yatsun nan biyu sun nannaɗe cikin tafi kamar busassun ƙirare.

Tsinken kitso bai sake tsayawa a hannun Auta ba. Matan unguwa suka koma gidan maƙwabciya.

Da tukunya ta kwana biyu a kife, Inna ta ƙulle injin a gefen zani ta kai wa mai gwanjo, ta ce ya taya. Ya jujjuya shi, ya miƙo mata.

"Ba kaset, Inna? Ai wannan roba ce."